Dole ne mashayin jini ya sa baƙar alkyabba da jan ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mu ɗalibai ne a Zariya, muna shirya gajeren fim da muka ɗauko daga littafin Dracula, kuma kuɗinmu kaɗan ne. Abokaina sun dage cewa in babu baƙar alkyabba mai tsayayyar kwala, da fiƙoƙi, da jan ido, ba wanda zai gane mashayin jini ne. Mun sayi jan lens na liƙawa a ido wajen mai kayan kwalliya, amma tun da jaruminmu ya gwada shekaranjiya idonsa yake zafi yana ruwa, ba ya son haske. Mai shagon ya ce zai saba. Hankalina bai kwanta ba. Mu ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ku ci gaba. Kada ya sake sa lens ɗin nan, kuma yau ɗin nan ka raka shi asibitin ido, ku tafi da lens ɗin da kwalinsa likita ya gani.

Zancen alkyabba mai sauƙi ne. Littafin da Bram Stoker ya fitar a 1897 ya nuna Dracula dogon tsoho ne mai farin gashin baki, sanye da baƙi tun daga sama har ƙasa. Kwat ɗin zuwa liyafa da alkyabba mai tsayayyar kwala daga wasan dandamalin da Hamilton Deane ya shirya a Ingila a 1924 suka fito, kuma kwalar aiki take yi: ɗan wasan zai juya wa 'yan kallo baya, kwala ta rufe ƙeyarsa, ya sulale ta wata ɓoyayyiyar ƙofa a daɓen dandamali, a bar alkyabba ta faɗi ba kowa a ciki. Ɗan wasa Bela Lugosi ya ɗauki wannan shiga ya shiga da ita fim a 1931, duniya ta ɗauka haka abin yake tun asali.

Ƙwararrun masu tsara tufafi ba su ɗaure kansu da ita ba. A Nosferatu na 1922, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Dracula, matsattsen dogon kwat mai maɓallai aka sa wa Max Schreck, kafaɗu a ɗage, hannaye a zube, har inuwarsa a bango ta fi fuskarsa ban tsoro. A fim ɗin Dracula na 1992, Eiko Ishioka, 'yar ƙasar Jafan, ta sa wa Gary Oldman jan sulke mai zanen tsokar mutum da aka feɗe, da jar riga mai jan ƙasa, ta ci lambar Oscar da wannan aiki. A ganina har yau ba a yi kamarta ba. Nosferatu na 2024 kuma ya dawo da gashin bakin, ya yi wa dodon shigar basaraken Transylvania, yankin Turai da Dracula ya fito, mai gashin dabba a kafaɗa. Abin da duk suke so tufafin ya faɗa ɗaya ne: mutumin nan ya daɗe a duniya fiye da kima, kayansa ba na zamanin mutanen da ke kewaye da shi ba ne.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai. Kusan duk matashin da ya zo wurina da labarin dodo, lens ne farkon abin da ya saya, kafin ma ya ga tela. Mutane sun ɗauka tunda ba don gyaran gani aka yi shi ba, to kayan kwalliya ne kamar jan baki. Ba haka ba ne. Abu ne da yake zama kai tsaye a kan fatar baƙin ido, kuma lanƙwasar idon kowa daban. In bai dace ba sai ya riƙa gurzar wurin, ya yi ƙaramin rauni, ƙwayoyin cuta su shiga, ya zama gyambo. Wani gyambon cikin kwana biyu yake cin ido, in ya warke ya bar hakiya, hakiyar kuma ba ta fita da ɗiga magani. Tun 2005 dokar Amurka ta sa duk wani lens, har na ado, cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita. A nan kuwa ana jera shi a tire kusa da gazal, rana na dukansa, mai sayarwa yana cewa "za ka saba". Da me za a saba? Zafi da ruwa da gudun haske alamun rauni ne. Na ga an cire lens daga idon wannan an ɗauraye da ruwan leda an miƙa wa wancan, saboda guda biyu kawai aka saya. Ruwa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke da wuyar magani in ta kama ido. Kuma kada wani mai kemis ya ba ku maganin ɗigawa "mai cire ja", domin wasunsu suna ɓoye ciwon ne yayin da yake ci ta ciki.

A manyan finafinai likitan ido ne ke auna ɗan wasa, akwai mutum na musamman da aikinsa kawai sa lens da cirewa, ana ƙirga awannin da ya yi a ido. Duk da haka Christopher Lee, wanda ya fito a Dracula a fim ɗin 1958, ya yi ta kukan yadda jan lens ke damunsa. Haka zancen fiƙoƙi: masu manna su da sufagulu suna ƙona dasashi, suna ɓantare haƙori.

Lugosi bai nuna fiƙa ko ɗaya ba a fim ɗin 1931, idonsa kuma siririn haske aka dalla masa. Ku ma haka za ku yi. In kun nace sai jan ido, mai tace hoto zai rina shi a kwamfuta. Kuɗin ku kai gwanjo: tsohon baƙin kwat mai nauyi, tela ya tsuke ƙugu, ya ƙara tsawon hannu har ya kusa rufe yatsu, ya sa shafi ja mai duhu wanda ba a gani sai ya juya. Ku goge gwiwar hannu da bakin kwala da sanfefa don ya tsufa, kada ku sayi yadi mai sheƙi, kyamara tana tona asirinsa. Ɗaukar fim kuma ta jira har likita ya ce idon yaron nan ya warke.