Tambayi Bakanike: Motata na kwanciya a kwana, ko in ƙara ɗaure istabilaiza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni direban haya ne, ina jan Toyota Sienna ƙirar 2008 tsakanin Jos da Abuja. Kwanakin nan in na sha kwana, musamman a gangaren Hawan Kibo, sai motar ta kwanta gefe guda har fasinja su kama salati. Ga kuma wata ƙara, ƙwas-ƙwas, daga ƙasan gaba in na shiga gargada. Bakanike na farko ya ce a ɗaure notocin istabilaiza tamau. An ɗaure, ba ta canza zani ba. Na biyu ya ce a cire ƙarfen baki ɗaya, wai ba ya tsinana komai sai ƙara. Abokina kuma ya ce in sa mai kauri na babbar mota. Maganar wa zan bi? Daga wani direba a Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare hanya. Ka rufa wa kanka asiri da rayukan da kake ɗauka, kada ka bari a cire ƙarfen nan. Raina yana ɓaci duk lokacin da motar haya ta hau ramin garejina na leƙa na tarar babu shi.

Istabilaiza sandar ƙarfe ce da ta ratsa ƙasan mota daga hagu zuwa dama, bakunanta biyu a lanƙwashe. Roba biyu, wato bushin, su ke riƙe tsakiyarta a jikin mota. Kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar taya ta wani siririn ƙarfe mai ƙwallo sama da ƙasa, wanda muke kira linkeji. A Sienna irin taka, linkejin gaba a jikin shokabzoba yake ɗaure. In tayoyin biyu suka hau tudun rage gudu tare, sandar juyawa kawai take yi cikin robobinta, ba ta hana komai. Amma a kwana nauyi yana danne tayar waje, ta ciki ta saki, sai sandar ta murɗe kamar yadda ake murɗa wanki a matse ruwa. Ƙin murɗuwar da take yi shi ke tallafe motar.

Ka ga ke nan ƙarfinta a jikin ƙarfen yake, wato kaurinsa da tsawon bakinsa. Noti riƙo kawai yake yi. Ko ƙato uku suka taru kan sifana, sandar ba za ta ƙara tauri ba, sai dai a cinye zaren noti ko a tsinke shi. Ɗauri yana magani ne kaɗai in dama notin ya kwance.

Zatona ya fi ƙarfi kan linkeji. In ƙwallonsa ya ci, ƙara za ka ji. In ya tsinke ko ya fita, sandar ta zama ado, motar kuma ta riƙa kwanciya yadda ka faɗa. Ka sa a hau da ita rami, tayoyi huɗu a ƙasa, a kama kowane linkeji a girgiza, a duba ko robar da ta rufe ƙwallon ta yage. Kada a ɗaga gefe ɗaya da jak a ce za a gwada, domin a lokacin sandar a murɗe take, ta ɗame linkejin, sai lalatacce ya yi kamar lafiyayye. Nan yara da yawa ke ruɗuwa su ce maka komai daidai. In za a canza, a canza hagu da dama tare. Wajen ɗauri a riƙe tsakiyar ƙusar ƙwallon da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen makullin nan mai kusurwa shida, in ba haka ba ƙwallon zai bi notin yana juyawa har robar ta yage tun ba a bar gareji ba. A ƙarasa ɗaurin motar na tsaye kan tayoyinta, gwargwadon awon da littafin motar ya faɗa.

Bushin kuwa a sayo daidai kaurin sandar. Naɗa robar tsohon tif don cike gibi aikin kwana kaɗan ne. Kada a shafa masa baƙin mai ko giris na yau da kullum, suna kumbura roba su ruɓar da ita. In sandar kanta ta tsage ko ta lanƙwashe, ban yarda da walda ko gashi da wuta ba. Ƙarfen sifirin ne, wuta na kashe masa tauri, kuma inda aka yi waldar nan zai karye, galibi a tsakiyar kwana.

Shawarar abokinka ita ce mai ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari. Ƙarin kauri kaɗan ba ƙaramin canji yake kawowa ba: sanda mai kaurin milimita 20 in ta koma 22, taurinta ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari. Kuma taurin nan ba kwanciya kaɗai yake taɓawa ba, har da rabon riƙon titi tsakanin gaba da baya. In gaba ya yi tauri da yawa, za ka juya sitiyari motar ta nace sai ta miƙe waje. In baya ne ya fi tauri, gindin motar ke zamewa ya nemi wuce kai. Kamfanoni da gangan suke barin motocin iyali su ɗan karkata ga na farkon, don direba na iya gyara shi da sassauta totur. Na biyun kuwa, ga ruwan saman Filato ga mota cike da mutane, ba na yi wa kowa fatansa. Akwai sanduna da ake saitawa, masu huda biyu ko uku a baki, inda matso da linkeji hudar ciki ke gajarta bakin ya ƙara tauri. Na masu tsere ne, kuma su ma huda ɗaya suke matsawa su gwada a fili kafin su ƙara. Taka ba ta da wannan. A titi mai ramuka ma sanda mai tauri wahala ce, don duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ta jijjiga ɗaya gefen.

In an gyara linkeji da bushin motar ba ta daina ba, a duba shokabzoba ko yana zubar da mai, da sifirin na baya ko kaya sun zaunar da shi. Iskar taya ka bi abin da ke rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin tayar ta yi zafi. Buhunan dankali su zauna ƙasa cikin but, kada su hau rufi, don duk abin da ya hau sama yana ƙara wa motar kwanciya. A gangaren nan kuma ka sauko da giya, ka gama taka birki kafin ka shiga kwanar. Ka rubuto mana abin da aka gani a ramin.