TAMBAYI MAI ZANE: Na iya aikin, kuɗin ne ba ya zuwa

Salam Malam, ni matashi ne a Gwammaja, shekara 4 kenan ina zanen fuskar mutane da fensir da gawayi kuma alhamdulillah duk wanda ya gani sai ya ce kamar hoto. Wani alhaji ya sa ni in zana masa mahaifinsa da ya rasu, muka yi a kan naira 60,000 da baki kawai, na sayi takarda da firam da gilas da kuɗina, kwana 12 ina kai, da na kai masa sai ya ce wai hancin bai yi kama ba ya miƙo min 15,000 ya ce Allah ya yi albarka, kuma wallahi zanen yana nan rataye a falonsa. Yanzu Baba ya ce in bar wannan shirmen in bi yayana Kantin Kwari. Don Allah ya zan yi?
Ɗanka, daga Gwammaja

Wa alaikumus salam ɗana. Hancin lafiyarsa ƙalau, da bai yi kama ba ai ba zai rataya shi inda baƙinsa suke zama ba. Inda aka samu matsala tun ranar farko ne da ka ɗauki fensir ba ka karɓi kafin alƙalami ba. Kalmar nan fa ba ni na ƙirƙiro ta ba, tun kaka da kakanni malami ba ya tsoma alƙalami a tawada sai an ajiye wani abu, kafinta ba ya taɓa aiki sai ka ba shi kuɗin katako, mai ɗinkin babbar riga ma haka, to don me mu masu zane ne kaɗai muke jin kunya kamar roƙo muka zo? Rabin kuɗi a hannu kafin ka fara, ragowar kuma ka ga alat kafin zane ya bar ɗakinka. Wanda ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka yi murmushi ka ce ranka ya daɗe kuɗin kayan aiki ne.

Ni ma na sha wannan ruwan. Akwai wani ofis a garin nan da na yi wa babban zanen hawan sallah, wata 7 ina sintiri, yau oga ya yi tafiya gobe fayil bai sauko ba, har masinjan ya san ni yana ajiye min benci, kuɗin mota da na kashe ya kusa cinye ribar. Tun daga nan ko ɗan uwana ne sai mun rubuta.

Kuma rubutun ba sai an je wajen lauya ba, saƙon WhatsApp ma ya isa: girman zanen kaza, kuɗi kaza, an ba da kaza saura kaza, ranar karɓa kaza, firam a wuyan wa yake, gyara sau 2 kyauta na uku da kuɗi. Ya amsa da "na yarda" ka adana. Sannan aikin mamaci sai ka yi taka tsantsan sosai, galibi ɗan fasfo ne za a kawo maka wanda ya koɗe ya sha lalitar wani, su kuma iyalan fuskar da ke zuciyarsu daban, ɗa yana tuna shi da ƙiba, 'ya tana tuna shi bayan ya yi jinya. Don haka da ka fitar da zubin fuskar kafin ka shiga inuwa, ɗauki hoto ka tura a ce maka ya yi, lokacin gyaran hanci minti 10 ne da abin gogewa.

Batun farashi kuwa, yawancinku kallon motar kwastoma kuke yi ku yanka kuɗi, wannan caca ce. Zauna da biro ka lissafa takarda, fensir, fesin da ake yi don kada gawayi ya goge, firam, gilas, kuɗin adaidaita, data, har cajin waya in a shago kake kaiwa. Sai ka tambaya nawa birkila yake karɓa a yini a unguwarku, ka ninka da kwanakin da aikin ya ci, in kuɗinka bai kai na birkila ba to kai ne kake biyan kwastoma. Ka fitar da farashi bisa girma, ƙarami da matsakaici da babba, kowa ya zo shi ne, don garin nan magana ba ta kwana, ka yi wa wani 20,000 abokinsa 50,000 sai sun haɗu a ɗaurin aure. Amma ka bar ɗan wurin ragi, Bakano in bai taya an ce masa albarka ba gani yake an cuce shi.

Samari suna yawan turo min labarin Tutu, zanen Ben Enwonwu na 1974 da aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, suna cewa Malam ka gani akwai kuɗi a harkar. Akwai mana, amma shi mai zanen ya rasu tun 1994, kai kuma cefanen gobe ne a gabanka.

Maganar Baba, kar ka kuskura ka yi musu da shi. Ka je Kwarin da safe, ni a ganina ma makaranta ce kyauta, ka ga yadda yayanka yake rubuta bashi a littafi, yadda yake raba uwar kuɗi da riba, yadda yake tarairayar kwastoma ba tare da ya karya kaya ba. La'asar ka dawo kan allonka. Ranar da ka ajiye wa Baba buhun shinkafa ka ce daga zane ne, kalmar shirme za ta fita daga bakinsa da kanta. In aiki ya fara kankama ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusun banki da sunan, don otal da kamfani ba kasafai suke son tura kuɗi asusun mutum ba. Alhajin kuma ka samu wani babba da yake jin nauyinsa ku je tare, sau ɗaya, in ya cika falillahil hamdu.

*

Malam barka da aiki. Ina yin zayyana da rubutun Larabci a kan kanbas, ina haɗawa da dagin Arewa, ina sakawa a Instagram. Kwatsam na je bikin ƙawata sai ga zanena a jikin jakunkuna da kofunan da ake rabo, an goge sunana. Na yi kuka wallahi. Akwai abin da zan iya yi?
'Yarka, daga Hotoro

Akwai 'yata, share hawayenki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba ki haƙƙin zanenki tun daga lokacin da kika zana shi, ba sai kin yi rajista ba, kodayake hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana karɓar rajista don ya zama ƙarin shaida. Kuma ko wanda ya sayi zanen da kuɗinsa, kanbas ɗin ya saya, ba shi da ikon bugawa a kofi ya sayar sai da izininki. Sai dai ki sani shi dagin Arewa na kowa ne, yana jikin gine-gine da riguna tun ba a haife mu ba, naki shi ne tsarin da kika yi masa da kalolin da rubutun.

Ni dai ba zan ce ki fara da kotu ba. Nemo mai buga kayan, ki je da yayanki ko kawunki, ki nuna masa hotunan aikin tun yana rabi da ranar da kika saka shi a shafinki, da yawansu daga intanet suke kwasa ba su ma san akwai mai shi ba. Mutumin da ya buga zanenki a kofi 300 ya riga ya gaya miki kayanki suna da kasuwa, ki ce ya biya na baya, na gaba kuma ku yi yarjejeniya a rubuce ki riƙa ba shi sabbi da kuɗi. Daga yau kuma abin da za ki saka a shafi ki rage masa nauyi yadda in an buga zai fashe, sunanki ya ratsa tsakiya, a gefe yanke shi ake yi.

*

Malam wani gidan baje kolin zane a Legas ya ce in kawo aiki amma za su ɗauki kashi 40 cikin 100. Ba zalunci ba ne?
Mai karatu, daga Fagge

Ba zalunci ba ne, a harkar ana kaiwa har rabi, su ne da haya da wuta da masu saye waɗanda kai ba ka da lambarsu. Legas ɗin ce kasuwar, can ake bikin baje kolin zane na Art X tun 2016, can babban gidan baje kolin zane na Nike yake a Lekki. Ka dai tabbata sun sa hannu a takarda mai ɗauke da hoton kowane zane, farashinsa, wata nawa zai zauna, yaushe za a biya ka bayan an sayar, da wanda zai ɗauki asara in ya lalace. Kuma kar ka je kana kwaikwayon 'yan can, kai musu abin da ba su da shi, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kurmi, hawan sallar Kano da UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a 2024. Wajen turawa ka cire gilas, kanbas ka tabbata ya bushe sarai ka naɗe shi fenti yana waje, ka zura a bututun roba na masu famfo ka toshe bakin biyu, don yaran tasha ba ruwansu, buhun albasa za su ɗora a kai.