Me Ya Sa Ake Yawan Sauya Littafin Koyon Shirya Manhaja?

Tambaya: Malam, me ya sa jami'o'i ba sa daɗewa da littafi guda a darasin farko na shirya manhajar kwamfuta?

Amsa: Littafin yakan bi harshen kwamfutar da ake koyarwa ne, shi ya sa idan sashen jami'a ya sauya harshe, tilas littafin ya bi baya. Jami'ar MIT ta Amurka ta shafe shekaru tana koyar da harshen Scheme kafin ta koma harshen Python. Wani lokacin kuma harshen ne da kansa yake sauyawa: an daina kula da tsohon samfurin Python, wato Python 2, a shekarar 2020, kuma misalai da yawa na tsofaffin littattafai, har da umarnin print mai nuna rubutu a fuskar kwamfuta, ba sa aiki a sabon samfurin, wato Python 3, sai an gyara su.