Sharar wuta kafin hunturu ya kankama

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake hana a jingina kara da rumbu, kuma nake sa ku kankare ƙasa kewaye da amfani alhali an gama girbi. To, saurara.

A nan ƙasar Daura, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take busowa, a bushe ƙayau, ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar. Guntun taba ko wutar masu farautar gafiya ya isa ya tayar da gobara. Ita kuwa wuta ciyawa take bi, inda ciyawa ta yanke nan take tsayawa. Don haka sa fartanya ka kankare faɗin taku 6 kewaye da rumbu da tarin dammuna har ƙasa ta fito, ka ninka faɗin ta gefen da iska ke fitowa. Abin da ka kankare kada ka tara shi a bakin sharar, kwashe shi nesa. Kara kuma a raba shi tari-tari, taku 20 tsakani, in ɗaya ya kama kada ya ja sauran.

Harawa ce ta fi yaudarar mutane. In aka ɗaure ta da sauran danshi aka danne, cikinta yakan ɗauki zafi har ya kama da kansa, ba wanda ya ƙyasta ashana. Tura rodi cikin tarin ka bar shi minti 10. In ka zaro ka kasa riƙe shi a hannu, kada ka yi gaggawar warwarewa, fara kawo ruwa kusa, domin iska na shiga sai wuta ta tashi. Haka ƙwayar Phostoxin, maganin ƙwarin da ake sa wa wake: ruwa ya taɓa ta, iskar da take fitarwa guba ce, kuma tana iya kamawa. A rufe gwangwaninta, a ajiye inda ba lema.

Injin casa da injin ban ruwa irin na masu noman rani a madatsar ruwa ta Sabke, kashe shi, bar shi ya huce, sannan ka zuba fetur. Salansar injin kada ta fuskanci ƙaiƙayi. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, fetur saman ruwa yake hawa ya bazu da wutarsa. Yashi ake zuba mata. Ina so kullum a ga ganga mai lita 200 cike da ruwa, bokiti biyu na yashi, da buhunan algarara da za a jiƙa. Buhun leda narkewa yake ya manne a hannu.

In Allah Ya ƙaddara wuta ta tashi, fara kwance dabbobi daga turke, ka tura yaro ya yi kururuwa, a kira 112. Ku tsaya iska na bayanku, ku riƙa bugunta daga gefe da ɗanyun rassan darbejiya, kada kowa ya tare ta gaba. Bayan ta mutu a tona tokar a jiƙa, mutum ɗaya ya kwana yana dubawa, domin kututturen kara yakan riƙe garwashi har asuba.