Tambayi Likita: kansar ƙoda ta ɓulla a tumbi, dole sai an tsaga ciki?

Tambaya: Likita, shekara 6 ke nan da cire wa mahaifinmu ƙoda ɗaya saboda kansa. Kwanan nan bayan gidansa ya koma baƙi, aka leƙa tumbinsa aka ce ciwon ne ya ɓulla a can. Tsoho ne, muna tsoron a sake tsaga shi. (Wata baiwar Allah daga Funtuwa)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Ba kasafai kansar ƙoda ke zuwa tumbi ba, ta fi nufar huhu, ƙashi da hanta. Sai dai halinta ne ta yi likimo shekaru sannan ta fito. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta jini ne ke tsiyaya daga ƙarin, kuma da yawa ana ɗaukar sa olsa a yi ta shan magani.

Idan ƙarin ɗaya ne, ƙarami, bai nutsa cikin bangon tumbi ba, ana iya zura na'urar endoskofi (siririn bututu mai kyamara) ta baki a ɗebe shi, ba tare da ko ƙwarzane a fatar ciki ba. Idan ya nutsa, sai lafaroskofi: a huda ciki wuri 3 ko 4, kowane huji kamar santimita 1, a hura iska, a sa kyamara a yanke ɓangaren da ya kamu. Jini kaɗan ake zubarwa, mara lafiya ya miƙe da wuri. Ga tsoho wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a fara ɗaukar hoton CT, wato hoton cikin jiki, don a ga ko ciwon ya bazu. In ciwon ya bazu wurare da yawa, magani ne kan gaba, tiyata sai don tsayar da jini.

Tambaya: Aikin hujin nan ba gwaji ake yi da mutane ba? (Wani malamin makaranta daga Maradi)

Amsa: A'a, Malam. Tun 1990 Dakta Ralph Clayman ya cire ƙoda ta wannan hanya a St. Louis ta Amurka. Abin tambaya shi ne sau nawa likitanka ya yi shi. Kuma in aiki ya cije, yana iya buɗe cikin nan take, ba gazawa ba ce.

Tambaya: Me ya sa ba a sa wa yayata mai kansar ƙoda kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ba? (Daga Kumasi)

Amsa: Kansar ƙoda ba ta cika jin kemo ba. Ana ba da ƙwayoyi irin sunitinib masu toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, ko allurai irin nivolumab masu zaburar da garkuwar jiki. Suna da tsada, gaskiya. In ƙodarta ɗaya ce ta rage, ta nisanci diclofenac da ibuprofen sai da izinin likitanta.