Shin Za A Iya Goya Na'urar Harba Furoton A Baya?

Tambaya: Malam, a fim ɗin Ghostbusters na 1984 jarumai na goya na'ura a baya suna harba igiyar furoton. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, harba furoton gaskiya ne, goya na'urar ce ba ta yiwuwa. Samun furoton ba wuya: a zuba iskar haidirojin a ƙaramin bututu, a sa mata wutar lantarki ta fizge ilektiron daga kowace ƙwayar zarra, abin da ya rage, wato tsakiyar ƙwayar, shi ne furoton. Sa shi gudu ne aiki. Ana saka shi a tsakiyar na'urar saikulotiron, wadda aka zuƙe iskar cikinta kakaf. Maganaɗisu na lanƙwasa hanyarsa yana kewayawa, lantarki kuma na ƙara ingiza shi a kowane zagaye, har ya fito ta gefe.

Asibitocin da ke ƙona ciwon daji da furoton na aiki da ƙarfin MeV 70 zuwa 250 (MeV ma'aunin ƙarfin furoton ne). A MeV 230 gudunsa ya kusa kashi 60 cikin 100 na gudun haske, yana ratsa ruwa kimanin santimita 33, ya sauke mafi yawan ƙarfinsa daidai inda zai tsaya. Wannan ne ya sa masanin kimiyya Robert Wilson ya ba da shawarar yin magani da shi a 1946. Amma irin wannan saikulotiron ya haura tan 200, ƙananan ma da ake sanyaya maganaɗisunsu zuwa digiri 269 ƙasa da sifili suna kai wajen tan 20.

In aka rage girma, ƙarfi ya tafi. Furoton mai MeV 10 bai wuce mita ɗaya da 'yan kai a cikin iska, domin yana karo da ƙwayoyinta yana warwatsuwa. Ba ya fitowa kamar igiya mai murɗawa. Iyakarsa wani ɗan haske shuɗi-shuɗi.

Abin da ya fi damun mu, wanda finafinai ke tsallakewa, shi ne lafiyar mai harbin. Furoton mai ƙarfi in ya daki ƙarfe sai niyutiron, wasu ƙwayoyi masu cutar da jiki, su fantsamo ta ko'ina, shi ya sa ake kewaye ɗakin da katangar kankare mai kaurin mita 2 ko fiye. A 1978, a Protvino ta Tarayyar Sobiyet, furoton na injin harba furoton mai suna U-70 ya ratsa kan masanin kimiyya Anatoli Bugorski. Ya rayu, amma gefen hagu na fuskarsa ya shanye, kunnensa na hagu kuma ya kurmance.