Amsa ga mai koyon harbin barewa da baka

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya sakar wa barewa kibiya daga nisan mita 50 a wannan kaka, tun da kana samun tsakiyar allon saiti daga wannan nisa a filin gwaji, kuma burinka shi ne ka cika firiza da nama kafin sanyi ya kankama. Ban yarda ka yi haka ba, kuma ina so ka tsaya a mita 20 zuwa 25 har sai hannunka ya faɗa.

Allo ba ya jin ƙara, barewa kuwa tana ji. Kibiyar bakan zamani mai ƙananan tayoyi masu juya tsarkiya tana tafiyar kimanin mita 90 a daƙiƙa ɗaya, alhali sauti yana tafiyar mita 340, saboda haka ƙarar tsarkiya tana riga kibiya isa kunnen dabbar. Daga mita 50 kibiya tana ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa a iska, kuma wannan ya ishi barewa mai farar wutsiya, wato irin barewar dajin nan Amurka, ta durƙusa domin ta zabura, sai kibiyar da ka auna huhu da ita ta faɗa a gadon baya ko a ciki. Kibiya da zubar da jini take kashewa, don haka duk aikinka ya rataya ne a kan wuri ɗaya: bayan ƙafar gaba, ƙasa da tsakiyar ƙirji kaɗan, inda kaifin zai ratsa huhu biyu. Ka jira har ta ba ka gefe, ko ta ɗan juya maka baya, kuma kada ka harbi wadda ta fuskanto ka, domin ƙashin kafaɗa da na ƙirji suna tare kibiya.

A nan jihar Ohayo ta Amurka lokacin harbi da baka yana farawa a ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu, kuma doka ba ta yarda da bakan da ƙarfin jansa bai kai fam 40 ba, wato kimanin kilo 18. Kana da watanni huɗu cur, babu abin da zai sa ka yi gaggawa. Tun da nama kake nema, ka bar manyan maza masu ƙaho ga masu neman abin rataya a bango. Namiji a watan Nuwamba, lokacin barbara, ya rage cin abinci, ya rame da bin mata, namansa kuma yana da ƙarni. Mace babba ta Oktoba, wadda ta ƙoshi da masara da ’ya’yan itatuwan daji, ita ce ta tukunya, kuma za ta ba ka tsoka zalla kimanin kilo 18 zuwa 25. Ka zauna inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajenka, idan kuma a kan bishiya za ka yi kwanto, ka ɗaura igiyar tsaro tun daga ƙasa.

Ka ambaci sunan Allah a lokacin da kake sakin kibiya, domin wannan bisimilla ita ce ke halatta naman idan ka tarar ta riga ta mutu. Idan ka same ta da sauran rai, ka yanka ta nan take. Bayan harbi ka lura da inda ta tsaya da inda ta ɓace maka, sannan ka zauna rabin sa’a kafin ka sauko ka duba kibiyar. Jini mai haske da ƙananan kumfa na huhu ne, kuma irin wannan barewa ba kasafai take wuce mita 100 ba. Jini mai duhu na hanta ne, sai ka ba ta sa’o’i huɗu. Idan kuwa ka ga kore-kore a jikin kibiyar, da warin tumbi, to ka ja da baya a hankali ka ba ta sa’o’i takwas zuwa goma sha biyu, domin idan ka tayar da ita daga makwancinta za ta yi nisan da ba za ka ƙara ganin sawunta ba. A nan ne harbin nesa ke cutar da mai neman nama ta fuska biyu: abin da ke cikin tumbi yana ɓata tsoka, sannan malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan cin dabbar da ta kwana ba a same ta ba. Ni dai ba na son ka kai wa iyalinka naman da zuciyarka ke kokwanto a kansa.

Da ka same ta, ka cika takardar izininka ta farauta, ka kuma yi mata rajista kamar yadda hukuma ta tanada. Sannan ka kwantar da ita rigingine, ka tsaga fatar ciki da bakin wuƙa yana kallon sama, yatsunka biyu suna danne kayan ciki domin kada ka huda tumbi ko mafitsara. Ka fitar da komai har maƙogwaro, ka tokare haƙarƙari da ɗan itace iska ta shiga. Zafi shi ne babban mai lalata nama a farkon kaka, saboda haka idan yanayi ya haura digiri 4 a ma’aunin Salshiyas, kada ka rataye ta ta kwana a waje. Ka feɗe ta, ka raba ta gida huɗu, ka jera a akwatin ƙanƙara ba tare da naman ya jiƙa cikin ruwa ba.

Akwai kuma cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda aka samu a barewar daji ta Ohayo a 2020. Idan a yankin da hukuma ta ayyana saboda cutar ka yi harbi, ka kai kan a gwada, kada ka tsaga ƙashin baya, kuma kada a ci sai sakamako ya fito. Wajen yanka ka cire kitsen gaba ɗaya, domin kitsen barewa yana daskarewa a ganɗa, kuma shi ne ke fara canza ɗanɗano a firiza. Ka ƙulla naman gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, ka matse iskar leda, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka ajiye a digiri 18 ƙasa da sifili, inda zai kai watanni tara zuwa shekara bai lalace ba.